Lissafin Shiru

A Hindawiyya, hawa na uku,
ɗakin da tagarsa ke jin warin teku amma ba ta ganinsa,
shekara goma sha tara ina kwana gefen minsharin Shu'aibu.
Maƙwabcinmu ɗan Yaman ya taɓa buga bango,
yara suka ce babansu na niƙa gero a maƙogwaro.
Har da ni a dariyar.

Ƙarar ba ta hana ni barci.
Shirun ne.
Minshari ya hau, ya hau, kamar tirela a kan gada,
sai ya tsaya cak.
Ƙirji na ja, ciki na ja, iska ta ƙi wucewa.
Na lalubo carbi ina ƙirgawa: goma, ashirin,
wani dare har arba'in da biyu,
sannan ya fizgo numfashi kamar wanda aka tsamo daga rijiya,
ya juya, bai san ya je ko'ina ba.

Da safe kai na sara, baki ya bushe kamar ƙanzo,
shayi uku kafin ya gane takalminsa.
Ya ce tsufa ne. Ya ce zafin Jidda ne.
Ya ce ke dai, Rumasa'u, kin cika sa ido.
Sai ranar da ya gyangyaɗa a kan sitiyari
da masu umara cike da bas a bayansa,
gab da Shumaisi, taya ta ci tsakuwar gefen titi,
salatin wata tsohuwa ne ya tashe shi.
Ya dawo gida, ya kasa kwance agogonsa don rawar hannu.

Ya kwana asibiti dare guda,
wayoyi a ka, ɗamara a ƙirji, ƴar jar fitila a yatsa.
Dakta Tajussir ya juyo mana da allon:
in barci ya yi nauyi, naman maƙogwaro ya saki,
harshe ya zame baya, hanya ta toshe,
ƙwaƙwalwa ta zabura ta tashe ka, ba ka sani ba.
Ƙasa da sau biyar a awa, ba ma ɗaga gira.
Zuwa sha biyar, da sauƙi. Zuwa talatin, tsaka-tsaki.
Ya ɗan yi shiru.
Naka hamsin da ɗaya, Malam,
kuma zuciyarka ce ke biyan bashin, ga hawan jinin nan shaida.

Hamsin da ɗaya!
Ni da nake zaton na ƙirga duka.

Wani robar haƙori ke isarsa, wani sai tiyata.
Shi na'ura aka ba shi, mai tura iska a hankali
ta riƙe hanyar a buɗe har asuba.
Makon farko ya yi ta fizge takunkumin,
wai an mai da shi giwa a gidansa.
Ban tanka ba.
Na ɗinka aljihu a bayan rigar barcinsa,
na cusa busasshen lemun tsami don kada ya yi rigingine.
Na rage masa shinkafar dare, muka yi kwana biyu ba magana,
sannan muka fara takawa bakin teku bayan isha'i,
yana haki, yana mita, yana tafiya.

A wata na biyu ya tashe ni da sassafe,
Rumasa'u, na yi mafarki!
Ya ga mahaifiyarsa tana shanya kuɓewa a rufin ɗaki.
Ya manta rabonsa da mafarki.

Ni kam har yanzu ƙarfe uku nakan farka,
hannu ya kai ga carbi kafin ido ya buɗe.
Na'ura na huci a hankali, ƙirjinsa na hawa yana sauka.
Babu shirun da zan ƙirga,
sai na ja carbin don abin da aka yi shi.